Baƙin Mai Kafin Gishiri

Gidan Tsofaffi, Rimouski
26 ga Satumba, 1988

Zuwa ga 'yata Lucille,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijin naki. Ni dai ina nan inda kuka ajiye ni, hawa na uku, ɗaki na sha biyu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji biyu na yi aka tura ni daji saran katako.

Na ji kin sayi sabuwar mota, fara. Ba daga bakinki na ji ba, gwaggonki ce ta faɗa mini ta waya kamar wani baƙo. To, Allah ya sa albarka. Amma ki saurare ni. Bai fi sati shida ba su fara watsa gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, kuma gishiri ba ya tambaya ko mota sabuwa ce. Shekara arba'in na yi a ƙarƙashin motocin garinmu Lac-Brûlé, na san yadda yake cin ƙarfe. Ta ciki yake farawa. Kina goge fenti kina murna, ran nan ki taka ƙasan motar ƙafarki ta leƙa kwalta.

Ga yadda za a yi. Ki zo ran Asabar ki ɗauke ni mu je gida. Akwai duro biyu na baƙin mai a bayan gareji, na tace su tun bara. Mu ɗora motar a kan rami, in huda ƙofofin, 'yan huji kamar kan fensir, in ɗumama man, in fesa ciki da ƙasa, in toshe. Sai mu hau hanyar burji ta bayan tafki, zuwa da dawowa sau uku, ƙura ta kama man ya zama ɓawo. In ba a bi ƙurar ba, rabin aiki aka yi.

Wuni ɗaya nake nema. Ban ce ki mayar da ni gida ba. Na daina wannan roƙon tun watan Afrilu, ranar da mijinki ya zare makullin motata daga aljihun rigata don na faɗa kwalbati. Sau ɗaya cikin shekara hamsin da biyu.

Tancrède, tsohon da suka haɗa mu ɗaki, yana leƙen takardar. Wai, “Ovila, ɓata fensir kake. 'Ya'yana biyar, na san tafiyar.” Na ce masa naka naka ne, tawa daban.

Ki gaida mijinki in kin ga dama.

Mahaifinki,
Ovila Sirois

*

Québec
3 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin kamar yadda aka ce, ba kamar yadda ka ga dama ba. Réjean yana gaishe ka, kuma sunansa ke nan, Réjean, shekara tara da aurenmu.

Ka yi haƙuri ban faɗa maka zancen motar ba. Na san abin da za ka ce, ga shi kuwa ka ce.

Mun tambayi dillalin. Ya ce motocin yanzu ba irin na da ba ne, tun daga masana'anta ake tsoma ƙarfen a magani. Ya ba mu takardar garanti ta shekara biyar, ya ce ranar da aka huda ƙofa ɗaya, takardar ta mutu. Réjean ya ce babu mai kusantar motarsa da abin huda, ko da Paparoma ne. Ban da haka, ba a waje za ta kwana ba. Mun sa na'urar ɗumama a garejinmu, dusar ƙanƙarar da ta kwaso a hanya za ta narke ta zube kafin safe. Ka ga ke nan babu abin damuwa.

Na yi magana da likitanka. Ya ce mutumin da jiri ke ɗiba ba ya shiga rami, ba ya ɗaga hannu sama da kansa na awa biyu. Don Allah kada ka sa wannan a ranka.

Za mu zo da Kirsimeti. Zan kawo maka gurasar naman da kake so da safa masu kauri.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lucille

*

Rimouski
8 ga Oktoba

Lucille,

Gaisuwa. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba, kamar mai ita.

Gareji mai ɗumi! Na karanta wurin sau uku, na ba Tancrède ya karanta mini ko idona ne. Yarinya, wa ya haife ki? Sanyi ne ke sa gishiri barci. Motar da ta kwana a waje ta daskare, gishirin yana jikinta amma ba ya cizo. Ki shigar da ita ɗumi kullum, ki narkar da ƙanƙarar, kin jiƙa ta ke nan a ruwan gishiri kamar naman alade a duro. Masu kuɗin Lac-Brûlé duk haka suka kashe motocinsu, ta likita da ta Fada, shekara huɗu huɗu.

Dillalin nan naki, shekara biyar ya ce ko? Ya iya lissafi. A ta shida zai ga kin dawo sayen wata. Takarda ba ta taɓa hana tsatsa ba. Kuma ba ƙofa nake ji ba, ƙofa ta ruɓe ta faɗi, ina ruwana. Akwai abubuwa a ƙarƙashi, sirara, da ba a gani.

Jiya na gwada fita. Na sa kwat da hula na sauka, na ce zan je tashar bas. Ashe sun sa wa ƙofar ƙararrawa. Nas ta biyo ni da gudu tana, “Kaka, ina zuwa haka ba sallama?” Na ce ni ba kakanki ba ne, gida za ni. Ta ce, “Ai ga gida,” ta kama mini hannu kamar ɗan yaye. Da na dawo Tancrède ya ce, “Sannu da hanya, ya mutanen Lac-Brûlé? Ka zo mana da tsaraba?” Saura kaɗan in jefe shi da kofin haƙoransa.

Tagar ɗakin nan yatsa huɗu take buɗewa, sun ɗaure ta da ƙusa. Ta nan nake kallon babbar hanya. Ganye ya gama zuba. Jiya na ga suna ɗaura wa manyan motoci garmar ture ƙanƙara.

In ba za ki bar ni in shiga ramin ba, na ji. Ki shiga ke, in zauna a kujera in nuna miki da sanda. Kin taɓa riƙe mini fitila, hannunki ba ya rawa. Makullin garejin yana wurin wa?

Mahaifinki,
Ovila

*

Québec
15 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka. Sun kira ni a kan zancen ƙofar. Don Allah kada ka sake.

Na so in bari sai mun zo in faɗa maka baki da baki, amma tunda ka tambayi makulli, ba zan yi maka ƙarya ba. Tun watan Yuli muka ba wasu mata da miji hayar gidan, don kada ya daskare babu kowa. Suna da yara ƙanana, suka ce ramin haɗari ne. An cike shi da tsakuwa an shafe da siminti. Durorin man kuma hukuma ta kwashe. Ni na sa hannu, ba Réjean ba, kada ka ɗora masa.

Kuma tunda ana faɗin gaskiya, bari in faɗi tawa. Na tashi cikin warin man nan. Yana cikin gashina, yana cikin littattafaina. A makaranta “'yar baƙin mai” suke kirana, babu mai son zama kusa da ni. Duk motar da muka taɓa shiga tana ɗiga, duk inda muka tsaya sai mun bar tabo a ƙofar mutane. Shekarata talatin, wannan ne abu na farko sabo da na mallaka. Guda ɗaya dai, Baba, ka bar mini shi da tsabtarsa.

Man ma ba ya hana abin da zai faru. Mama a gidan mai fesa wa motocin duk gari mai take, amma ƙanƙara ta kwashe ta a gangaren coci. Kai da bakinka ka yi shekaru kana zagin masu gyaran hanya da ba su zuba yashi ba ran nan.

Ka yafe mini in na yi kaushi.

'Yarka,
Lucille

*

Rimouski
28 ga Oktoba

'Yata,

Ina gaishe ki. Kwana goma ban taɓa fensir ba. Tancrède ya ce tun da aka kawo ni bai taɓa samun hutu irin wannan ba.

Zancen rami, an cike an cike. Ba shi ya hana ni rubutu ba. Maganarki ce, “guda ɗaya dai ka bar mini.” Ba ke kika fara faɗa mini ita ba.

Kin tuna shuɗiyar motar? Ita kaɗai ce sabuwar da na taɓa saya, a 1968, don uwarki. Da kaka ta zo na ɗauko abin huda, uwar taki Fernande ta tsaya a bakin gareji ta ce, “Ovila, guda ɗaya dai ka bar mini. In je coci sau ɗaya ba ina warin aikinka ba.” Tana dariya ta faɗa. Na ajiye. Kuma don in ƙara faranta mata, kullum sai in shigar da motar cikin gareji kusa da murhu, ta tarar da ita da ɗumi da safe. Ita ba ta san abin da hakan ke yi ba. Ni na sani. Na ce a raina sabuwa ce, baɗi na yi. Baɗi ta zo sau uku.

Ranar da aka jawo motar daga gindin gangaren, kina asibiti wurin uwarki. Na ɗora ta a rami na shiga. Bututun birki, wanda ke bi ta saman tayar baya, na taɓa shi da yatsa biyu ya karye kamar busasshen kara. Ba ƙanƙara ba ce, Lucille. Akwai yashi a hanyar ran nan, na gani da idona. Ta taka birki ne ba ta samu komai ba.

Ɗan sanda ya tambaye ni, na ce santsi ne. Uwarki ba ta tuna komai ba, ni kuma ban tuna mata ba. Shekara goma sha ɗaya, har ta rasu, tana kan keken guragu a bakin tagar kicin, tana kallon motocin mutane suna shiga garejina suna fita suna ɗigar mai. Takan ce, “Yau ta wa ka yi?” In faɗa mata. Ban taɓa zama na ga abin da ake gani ta taga ba sai bana. Ba a ganin komai. Mutane ne kawai ke tafiya inda suke so.

Guntun bututun yana cikin gwangwanin tabata tun ran nan. Da kuka kwashe kayana kin ce in yar da gwangwanin, na ƙi, kika ce taurin kai. Ga shi na sa miki a ambulan. Ki nuna wa mijinki, ki nuna wa dillalin.

Ban ce ki yafe ba. Ban ce ki zo ki ɗauke ni ba. Ki kai ta wurin ko wane ne, ko ɗan koyo, a fesa mata mai. Ki fitar da ita daga ɗumin nan.

Mahaifinki,
Ovila

*

Québec
7 ga Nuwamba

Baba,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso. Babu bututu a ciki, sai jan garin tsatsa a kusurwar ambulan. Injin gidan waya ya niƙe shi. Na zazzage a farin faranti, yana nan a kan tebur, na hana a wanke.

Zancen Mama ba zan iya amsa shi yanzu ba. Ban san ranar da zan iya ba.

Motar tana kwana a waje tun ran Laraba. Ran Juma'a na kai ta wurin wani tsohon bakanike a bayan gari, ya huda, ya fesa. Réjean ya tsaya yana kallon tabon da ta yi a ƙofar gida. Yau da safe na ga ya shimfiɗa mata kwali a ƙasa.

Bakaniken bai san zancen ƙura ba, dariya ma ya yi. Na roƙi likita, ya ba ka awa uku ran Lahadi, a zaune cikin mota, ɗaure da bel. Zan iso da sha ɗaya. Ka nuna mini hanyar burji mafi kusa.

Lucille

*

Rimouski
Lahadi, 13 ga Nuwamba

'Yata,

Ina gaishe ki, ke da Réjean.

Nas ta ce ranki ya ɓaci da ta kira ki da safe ta ce kada ki taso. Kada ki ga laifinta ko na likita, ni na sa ta. Tun jiya da yamma dusar ƙanƙara ke zuba, kuma na san hanyar bakin kogi da za ki biyo a zubin farko. Da ƙarfe bakwai motar gishiri ta wuce ƙarƙashin tagata.

Babu sauran ƙura sai watan Mayu. Ba komai, man ya shiga, zai riƙe. Kada ki wanke mata ƙasa da ruwan zafi.

Na riga na sa takalman fita tun kafin karin kumallo. Tancrède ya ce in mayar da su kabad, suna tare masa hanya. Na ajiye su a bakin ƙofa, na ce ya koyi tsallakewa.

Mahaifinki,
Ovila