Ƙwayar Barci da Bunsuruna

Dogon Dutsi, daren Laraba, bakwai ga Sha'aban

Gabas da yamma su shaida: yau hannuna ya kai shayi baki bai zube ba!

Bayan shekara biyu ina shan ƙwayar barci, na watsar da ita rana ɗaya don nuna jarumta. Sai karkarwa, har na faɗi ina shure-shure gaban ɗalibaina 'yan lakwal. Inna ta ce Doguwa ce, aka kira masu goge, aka yanka bunsuruna!

Lokotoron asibitin da ya rubuta mini ƙwayar bai taɓa gargaɗina ba, amma jiya har da tsawa: "Malam, mutuwa kake nema? Kaɗan-kaɗan ake rage ta!" Ashe yana da baki!

Na koma kanta, muna gutsurewa. Na ci kaina tarar goro biyu. Bunsuru ya riga ya biya tasa.