Wankan Goggo Mairama

Hillar Bawa, kudu da Mai Wurno
Watan Rajab

Zuwa ga Yayata Sakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Rusairis. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Shabakar waya ta ƙi mu tun watan jiya, ko mutum ya hau tudun bakin kogi waya ba ta kamawa, shi ya sa na ba Salih direba wannan takarda.

Abin kunya ya same mu a hilla, ƙauyen gaba ɗaya. Matar Jibo mai injin niƙa ta rasu ran Talata da hantsi, Allah ya jiƙanta. Kin san tun da Inna Sabah ta bi 'ya'yanta Gadarif, Goggo Mairama kaɗai ta rage mai wankan gawar mata. Ranar kuwa tana kwance da zazzaɓi, ko buta ba ta iya ɗagawa. Maza suka gama haƙa kabari suka zauna jira. Mu mata mun cika gida muna kuka, amma ba wadda ta iya shiga ɗakin. Sai da aka tafi har Mai Wurno aka ɗauko wata tsohuwa da ba ta ma san sunan mamaciyar ba. Ba a kai baiwar Allah makwancinta ba sai bayan la'asar, a wannan zafi. Na ga irin kallon da Jibo ya yi mana.

Da Goggo ta sami sauƙi ta aika gida-gida, wai tana neman matan da za ta koya wa. Kowa ta kawo uzuri, har da ni. Ba sai na gaya miki ba, ke da kike min dariya don ina sauya hanya in an fito da makara. Ga kuma sana'ata. Godo-godo nake sayarwa a tasha, furar nan tamu, da hannuna nake damawa, kuma kin san mutanenmu: a baki su ce aikin lada ne, amma ba sa son cin abin hannun mai wankan gawa. Na ce wa Goggo ta nemi tsofaffi. Ta ce tsofaffin ai su ne ke jiran wankan.

Ki gaishe min da yara. In Salih zai dawo ki ba shi kuka ya kawo min, tamu ta ƙare.

Ƙanwarki,
Huda

Watan Sha'aban

Yaya Sakina,

Gaisuwa da fatan alheri. Kuka ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Yaya gida, yaya zafi a wajenku?

Ki zauna kafin ki karanta, don na san za ki ce na haukace. Na shiga koyon wankan.

Goggo ce ta zo tasha da kanta, tana dogara sanda. Ta ciro ɗan kwanon silbar nan nata daga ƙarƙashin tob ɗin da ta lulluɓa da shi ta miƙo min in zuba mata. Yaya, tun muna yara muke ganin kwanon nan a gidan biki da gidan suna, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ashe don kada ta sa baki a kwanon mutane su ƙyamace shi ne. Ƙanwar babanmu fa, shekara da shekaru.

Ta sha, ta goge baki, sannan ta kira Salih a gabana ta ce ya nemo mata gidan tsohuwar nan ta Mai Wurno, a shirya da ita tun yanzu. Wai ta fi son a gama magana tana da baki, kada ranarta ta zo ta kumbura tana jiran mota. Haka ta faɗa, kamar mai aiken a sayo mata gishiri. Matar da ta wanke Innarmu ta yi mata kitso ke nan. Kunya ta kama ni har na kasa ƙarasa ciniki. Na gaya wa Uwaisu mijina da ya dawo daga gona, ya ce shi ba ya hana aikin lada, sai dai in san mutane za su yi magana.

Mu biyu ne kawai, ni da Widad, matar ɗan liman da suka dawo daga Madani, wadda Hausarta rabi Larabci ce. Goggo ta ce ba a koyon wanka da baki, sai da jiki. Ta sa muka cire katifa daga kan angarib, gadon nan na saƙar igiya, don ruwa ya bi ta igiyar, ta kwanta, ta lulluɓa da zane, ta rufe ido, ta ce bismillah, ga gawa.

Ba a taɓa gawa mai faɗa irin wannan ba. Na zuba ruwa ta ce kashe ta zan sake yi, a sirka shi kamar za a yi wa jinjiri wanka. Na kama hannun hagu ta fizge, wai dama ake farawa. Na manta ban naɗe hannuna da ƙyalle ba, ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. Da muka zo juya ta, ta ce ita ba buhun dawa ba ce. Widad tana dariya tana ta ma'alesh ya Haboba, wato yi haƙuri Kaka, Goggo ta ce a ɗakin gawa ba dariya, ba labarin duniya. Ta nuna mana yadda ake murza ganyen magarya har ya yi kumfa, a sa kafur a ruwan ƙarshe, a raba gashi uku a kitse a mayar baya.

Kina ganin da ranta take, tana tari tana faɗa, amma duk da haka tsoro nake ji. Duk Alhamis za mu riƙa zuwa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Huda

Bayan ƙaramar Salla

Yayata,

Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina gaishe da maigida da yara. Na ga takardarki, na kuma ga inda kika ce in bari tun kafin in rasa abin ciyar da yara. Ban ji haushi ba, na san tausayina kike ji.

Amma an riga an yi. A cikin azumi wata tsohuwa ta rasu a unguwar gabas, Goggo ta zauna a kan kujera a bakin ƙofa, ni da Widad muka shiga. Ba zan gaya miki abin da na gani ba, don Goggo ta ce abin da ido ya gani a ɗakin nan, a ɗakin yake zama. Abin da zan ce kawai, jikin da sanyi, kuma ya fi na Goggo nauyi. Da muka gama na zagaya bayan gida na yi amai. Kafin azahar an sallace ta.

Ciniki kuwa ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Direbobin da suke ƙwala min kira tun kafin su kashe mota, yanzu sai su wuce wajen mai shayi. Rabin roba nake komawa da ita gida, yara sun sha har sun gaji. A wani suna da muka je, aka zuba wa mata a faranti ɗaya, ni aka kawo min nawa daban, wai girmamawa. Na ci, na yi godiya, amma ya yi min ciwo sosai.

Uwaisu bai iya magana ba, kin san shi. Sai dai yanzu in ya taso daga gona ya biyo ta tasha, ya zauna a tsakiyar mutane ya sha kwano biyu yana zuƙa da ƙarfi kamar wanda bai da gida. Jibo ma kullum sai ya zo. 'Yarsa Sawsan ta shigo cikinmu, ta ce ba ta son uwar wani ta sake kwanciya kamar tata. Wata mata ma daga hillar maƙwabta ta fara zuwa, don su ma ba su da kowa.

Goggo ta rame. Yanzu juya ta ba wuya, amma bakin yana nan.

Ƙanwarki,
Huda

Watan Muharram

Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Salih ya riga ya kawo muku saƙo da baki, amma na ce in rubuta miki yadda aka yi, tun da hanya ba ta bar ki kin zo ba. Allah ya jiƙan Goggo, ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Da safe ne, bayan ta sha shayi. Ba ta wahala ba. Salih ya zo ƙofar gida da mota a kunne, ya aiko a tambaye ni ko ya tafi Mai Wurno kamar yadda suka shirya. Na ce ya kashe motarsa.

A kan angarib ɗin nan muka kwantar da ita. Na sirka ruwa, na taɓa da gwiwar hannu, na sake ƙara na zafi. Widad tana zubawa, Sawsan tana riƙe da zane. Na fara da dama. Ban ji tsoro ba, Yaya, ko kaɗan, jikin nan na san shi fiye da nawa. Sai da muka zo juya ta hannuna ya ɗan zame, kafaɗarta ta bugi katakon gado. Dukanmu muka tsaya cik muna jiran faɗa. Widad ta ce ma'alesh ya Haboba, a hankali. Goggo ba ta buɗe ido ba. Nan ne na gane ta tafi, na yi kukan da ta hana a ɗakin, sannan na share fuska na yi mata kitsonta uku. Rana ba ta kai tsaka ba aka kai ta.

Alhamis ɗin da ta wuce mata shida suka zo koyo. Ba mai kwanciya, sai ni na kwanta. Ashe ruwan nan da sanyi, kuma ashe ni ma ba na iya yin shiru.

Kwanonta ta bar min, ta gaya wa Sawsan wai zan buƙace shi a gidajen biki. Ban sa shi ƙarƙashin tob ba. Na wanke shi na jera cikin kwanonin tasha. Duk hilla an san shi, wasu in na ɗauko su ce in sauya, in sauya musu ba gardama. Jiya Jibo ya zo, na kai hannu kan wani kwano, ya ce a'a, a na Goggo zan zuba masa.

Ki gaishe da kowa da kowa. In kin zo ta'aziyya ki zo ran Alhamis.

Ƙanwarki mai kewarki,
Huda