Shanyar Inna a Gefen Titi

Daren Laraba, lokacin kaka

Yau kaina ya ɗaure.

Tun da ruwan dam ya tashe mu daga tsibiri aka zube mu bakin titin Yelwa, mutanenmu ke tafiya tsakiyar kwalta kamar masu tuƙa jirgi a kogi. Ƙauye uku aka haɗa, masu gari uku, kowa ya ce titi ba nashi ba ne. Shi ya sa na kwana huɗu ina share gefensa, na jera duwatsu na shafa musu farar ƙasa, don masu ƙafa da masu keke.

Da azahar na tarar mata sun shanya shinkafa a wurin, daga rijiya har masallaci. Wa zai taka abinci? Kowa ya koma kwalta. Malam Audu ladan ya kauce wa shanya da kekensa, sai ga motar kifi. Allah ya kiyaye, rami ya faɗa, gwiwa kawai ya kuje.

Na tambaya wa ya fara shanyar. Inna ce.

Na ce, "Inna, don ran mutane na share wurin ga."

Ta ce, "Allah shi maka albarka, ka iya shara. Falalen dutsen da nike shanya yana ƙarƙashin ruwa. Ɗauko min shi in kwashe."

Gobe in kwashe duwatsun ne, ko in ƙara faɗin wurin su ƙara shanya? Tuwon shinkafar nan aka kawo min ɗazu. Na so in ƙi ci. Na cinye tas.