An Shafe Sunan Baba Soja

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya ruwan Fatakwal? Yaya Anti Rabi da yara? Mu nan Jakara lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ranar Asabar da safe na fito zan tafi maƙera, sai ga jirgin ruwan yaƙin nan da nake haɗawa da gwangwani an ɗora shi a kan amalanke, Habu ɗan Kawu yana biye da shi. Wanda na kwaikwaya daga hoton da kakanmu Baba Soja ya dawo da shi daga yaƙin Bama. Da ya fi ƙarfin ɗakina, a zauren Kawu na ba da shi amana. Bindigogin da na yi da famfon keke suna nan, sarƙar anga tana nan. Sunan Baba Soja da na rubuta a jikinsa ne babu. An shafe shi, an rubuta "Injiniya Habu", fentin ko bushewa bai yi ba.

Na ce, "Habu, sai ina?"

Ya ce, "Baje kolin makarantarmu. Kai da ba ka da takarda, wa zai kalle ka? Bari in fito mana da shi."

Yaya, ko ƙusa bai taɓa miƙo mini ba, wannan na yafe. Amma sunan? Kakansa ne fa shi ma.

Ka kira Kawu, kai yake jin maganarka. A mayar da sunan kawai. Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida. In Habu ya musa, Malam Idi mai shayi yana wurin, Inna ma ta gani daga bakin ƙofa.

Ƙaninka,
Sani