Kiɗan da na zaci nawa ne

Daren Talata, Gyaɗi-Gyaɗi.

Yau na buga wa Baba Yakubu, mai koya min piyano a Tarauni, sabon kiɗan da nake ta cika baki ni na ƙirƙira. Na zaci zai sake kushe hannuna na hagu. Ban kai tsakiya ba sai ga matarsa ta fito daga kicin tana rerawa, har da baiti.

Na ce, "Mama, ina kika san shi?"

Ta ce, "Waƙar daka ce ai, ɗana."

Na tsaya cak. Ita ce waƙar da Innata take yi a bakin turmi. Tun rasuwarta nake kukan na manta muryarta, ashe tana nan a yatsuna.