Umma Ta Ce Ka Taho, Sun Ci Kofin

Zuwa ga yayana, marigayi Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa wannan yini ya same ka cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Ina rubutawa a shafina ne saboda ba ni da wanda zan iya gaya wa maganar nan da baki, kuma 'yan uwa na Gwammaja da za su karanta, gara su ji daga gare ni.

Yaya, sun ci kofin.

'Yan wasan besbol na garin nan, waɗanda ka yi shekara da shekaru kana yi musu dariya kana kuma ƙaunarsu, jiya da rana aka zaga gari da su a saman doguwar mota. Tun daga unguwarmu ta Panyu jirgin ƙasa ya cika da jajayen huluna, har da tsofaffin da na tabbata ba su san ko da hannu ake wasan ko da ƙafa ba. Ga ganguna, ga masu rawar zaki, ga hon ɗin motoci kamar za a fasa kunne. Masu shaguna a kasuwar Baima sun bar ciniki sun fito bakin titi. Kowa haƙoransa a waje. Ni kuwa wallahi tun da na zo Guangzhou ta ƙasar Chana ban ga yini mai nauyin jiya ba, in ka cire ranar da muka kai ka.

Ka tuna washegarin saukata, da ka kai ni masana'antar lawban ɗinka, wato maigida da yarensu, tsohon nan mai buga riguna a Panyu? Ka nuna min dilolin jajayen riguna jibge har rufi, ka yi min bayanin sana'arka. Duk shekarar da 'yan wasan suka kai karon ƙarshe, tun kafin a buga wasan lawban yake buga riguna da huluna masu rubutun cewa su ne zakaru, domin in an ci yau, gobe kowa riga yake so, ba mai jiran ɗinki. In kuwa an sha kashi, rigunan sun zama abin kunya, ko kyauta ba mai sakawa a garin nan. Nan kai kake shigowa. Ka kwashe a farashin tsumma, ka cusa a kwantena, sai kasuwar Kwari.

A Kano wa ya iya karanta rubutun Chana? 'Yan garuwa, masu adaidaita, masu wankin mota, kowa ja wur yana yawo da kofin da ba a ci ba a ƙirjinsa. Kana yawan cewa, "A Kano dai mun daɗe da cin kofin nan, mutanen Guangzhou ne labari bai iso musu ba." Lawban ba ya jin Hausa, amma in ya ga kana dariya sai ya dafe kai, ya san da ƙungiyarsa kake.

Har ka koyi wasan. Ni har yau ban gane shi ba: wani ya wurgo ƙwallo, wani ya maka mata sanda, sai a ruga da gudu a dawo inda aka tashi. Kai kuwa sai ka zauna a ofishin lawban kuna kallo, kuna shan shayinsa maras sukari, kana addu'a su ci alhali cinikinka yana kan faɗuwarsu. Na taɓa ce maka wannan ai rashin lissafi ne. Ka ce min mutum ba ya zama a gari shekara goma sha ya rasa abin da zai so a cikinsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni cin abinci tun jiya.

Bizarka ta ƙare tun kafin in zo. Kowa a cikinmu ya sani, ba mai faɗa. In ka fita ba za ka dawo ba, in ka miƙa kanka ga hukuma sai an tsare ka kafin a sallame ka, kai kuma ka ce ba za ka sauka a Kano hannu rabbana ba bayan duk shekarun nan. Umma kuwa kullum tambayarta ɗaya ce a waya, yaushe za ka taho. Da ka gaji da cewa bayan salla, bayan damina, sai rannan ka ce mata, "Umma, ranar da 'yan wasan garin nan suka ci kofi, ranar zan ɗaure kayana." Ina zaune a gefenka. Ka kashe wayar ka ƙyalƙyale da dariya, ka ce ka sama wa kanka hutu, waɗannan ba za su ci ba har a tashi duniya.

Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta riƙe maganar. Duk shekara in dilolin jajayen riguna suka shigo Kwari, sai ta ce wa ƙanwarmu Rabi, to bana ma ba su ci ba kenan. Ta sa aka kawo mata guda ɗaya ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashinta. Haba Yaya! Da wa ake irin wannan wasan? Na gaya maka a lokacin, ka ce in rufe maka baki, ni yaro ne.

Kai ne ɗan fari, don haka tun da muka taso ba mu taɓa jin sunanka a bakinta ba. Alkunya. Sai dai ta ce "wannan yaron", ko "yayanku". In za ta ba ka abinci sai ta miƙo min ta ce in kai wa wancan. Ka taɓa gaya min, muna dawowa daga Juma'a a masallacin Huaisheng, cewa da kana ƙarami ka ɗauka ba ta son ka. Ka ce sau ɗaya kawai kake so ka ji yadda sunanka yake fita a bakinta. Sannan ka share zancen, ka ce mu je mu ci taliyar Larabawan Chana, wato 'yan uwanmu Musulmin nan masu farar hula.

Ciwon ƙirjin nan ka ɗauki makonni kana ɓoye min shi. Da na gane, na yi roƙo, na yi faɗa, har hawaye na yi. Ka ce a asibiti fasfo za su fara tambaya kafin su tambayi inda yake maka ciwo. Ka ci gaba da shan jiƙon da kake saya a shagon magani na ƙasan bene. Ranar Talata da hantsi na dawo daga gidan lodi na same ka a zaune kan darduma, ka jingina da gado, shayinka bai ma huce ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Taurin kanka ne, Yaya, kuma har yau ina jin haushinka, duk da na san kwana ne ya ƙare.

A lokacin mantuwa ta riga ta kama Umma. Rabi ta gaya mata rasuwarka. Ta faɗi, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Bayan kwana biyu ta tambayi ko ka bugo waya. Aka sake gaya mata, ta sake yin kukan daga farko, kamar yau ta fara ji. Sau uku ana yi mata haka, sau uku tana binne ka. A na ukun sai da aka kwantar da ita aka sa mata ruwa. Daga nan Rabi ta ce duk wanda ya ƙara faɗa mata, ba ita ba shi.

Ni ban shirya yin ƙarya ba, Allah ne shaidata. Wata Asabar da la'asar, can gida safiya ce, na buga don in gaishe ta. Ka san tun da can mutane ba sa bambance muryarmu a waya. Rabi ta kara mata a kunne, na yi sallama, sai na ji ta ce, "Habibu? Habibu, kai ne?"

Mantuwar ta tafi da alkunyar. Sunanka ne ɓaro-ɓaro, har sau biyu, da wata murya mai taushi da ban taɓa sanin tana da ita ba. Abin da ka yi shekara arba'in da ɗoriya kana jira, ya zo wata biyu bayan mun rufe ka da ƙasa, ya faɗa a kunnena. Na tsaya a bakin titi. Na ce na'am.

Tun daga ranar ni ne kai. Duk Asabar nake bugawa. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, ta ce in riƙe salla, ta ce in kula da ƙanina Nasiru domin ba shi da wayo. Ni Nasirun ina ji, ina cewa to Umma. Wata rana ta ba ni labarin haihuwarka, yadda aka yi ruwa kwana biyu, yadda take satar kallonka in surukarta ta fita, ta sumbaci ƙafarka ta mayar da zani ta rufe. Naka ne wannan labarin, Yaya, ni na karɓe maka. Rabi ta ce duk ranar da muka yi waya, Umma tana cinye tuwonta tas.

To jiya Asabar ce.

Na fito daga tashar jirgi na faɗa cikin taron ban shirya ba. Lokacin waya ya yi, na san tana zaune tana jira, sai na raɓe jikin wani shago na buga. Ganguna sun cika kunne. Ta ce wace irin hayaniya ce wannan, biki ake yi? Ni kuma wawa, bakina ya riga hankalina, na ce 'yan wasan garin nan ne suka ci kofi.

Ta tuna alkawarinka. Matar da ba ta tuna ko ta karya kumallo, matar da take tambayar Rabi 'yar gidan waye ita. Sai na ji ta rangaɗa guɗa. Umma, da tsufanta, guɗa! Ta ce, "Alhamdulillahi, Habibu, alkawari ya cika, ɗaure kayanka." Ina jin ta tana kiran Rabi a share ɗakin zaure, a nemo mai daka fura. Motar 'yan wasan tana wucewa ta gabana, ana ta watsa jajayen takardu, wata tsohuwa ta ga ina kuka ta ɗaga min babban yatsa, ta ɗauka na murna ne.

Rabi ta ce in bari, za ta manta. Yau da safiyarsu Rabi ta bugo. Umma ba ta manta ba. Ta fito da rigar nan daga ƙarƙashin matashi ta ɗora a cinya, ta sa an fitar mata da kujera tsakar gida inda take hango ƙofa. Ko sallama aka yi sai ta ɗaga kai.

Ɗazu na je wurin lawban. Ɗakin da ka saba gani cike da diloli har rufi wayam yake, ko ƙyalle babu. Yana ganina ya ce "meyo, meyo", babu, babu, yana dariya, duk an saye tun daren jiya. Bana ba jar riga ko ɗaya da za ta shiga Kwari. Sannan ya daina dariyar. Ya buɗe durowa ya ɗauko hula ɗaya a leda, ya miƙo min da hannu biyu kamar yadda suke yi wa manya, ya faɗi sunanka da irin lafazinsa. Ya ajiye maka ita ne tun ranar da ya buga su. Ita ce ta farko a duk abin da ya taɓa ba mu wadda rubutun jikinta gaskiya ne.

Na yi tunanin kawo maka ita maƙabarta. Amma me za ka yi da hula?

Na yanki tikiti, Yaya. Ranar Laraba zan tashi. Takarduna lafiya suke, ni ba abin da ya hana ni zuwa gida duk shekarun nan sai biye maka da na yi. A waya murya ce kawai, a tsakar gida kuwa fuska ce. Kai dogo ne, ni gajere. Kai kana da tabon faɗuwa daga keke a goshi, kuma na san hannunta nan zai fara zuwa. Ban san abin da zai faru ba. Wataƙila ta dube ni ta ce Habibu, in durƙusa in amsa, in ci gaba da amsawa har Allah Ya yi ikonSa a kan ɗayanmu. Wataƙila kuma ta shafa goshina ta ce Nasiru, ina yayanka? In ta tambaya tana kallon idona ba zan iya ba, zan faɗa mata, ta binne ka karo na huɗu, kuma Rabi ta ce jikinta ba zai ɗauka ba. Ina jin tsoro. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Amma ba zan bar ta a kan kujerar nan tana kallon ƙofa ba.

Ku 'yan uwa da kuke karantawa, don Allah kada kowa ya riga ni shiga gidan da wata magana. Ku bar min kayana.

Kai kuma ka yafe min sunanka da na ara ba da izininka ba. Ni na yafe maka wasan da ka yi, ko in ce ina ƙoƙari.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka a wannan ƙasa da ba tamu ba. Allah Ya yafe maka alkawarin da ka ɗauka da dariya, Ya yafe min na'am ɗin da na amsa. Allah Ya sassauta wa Umma, Ya sa abin da za ta gani a ƙofa ya zo mata da sauƙi. Kuma ranar da kuka haɗu, Allah Ya sa ta kira ka da bakinta, ka ji da kunnenka, ka amsa da kanka.

Ƙaninka,
Nasiru,
daga ɗakinka na Panyu.