Likita Ta Ce In Wanke Fuskata

Daegu, 9 ga Maris, 1997

Zuwa ga Yayata Boram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Ni kam kada ki tambayi lafiyata, likitocin garin nan sun riga sun amsa a madadina: wai ƙalau nake.

Jiya na ga likita na biyar. Shekara uku ke nan, Yaya, ina tashi da safe kamar an yi mini dukan tsiya. Yatsuna sun kumbura, ko kwalin kyauta ba na iya ɗaurewa a kanti. Gashi na zuba, baki duk gyambo, ga zazzaɓi mai naci. Likitan ƙashi ya tura ni wurin na ciki, na ciki ya tura ni wurin na ƙwaƙwalwa. Na jiyan ko awo bai yi ba. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Kyakkyawar yarinya haka, ina ciwo a nan? Ki yi aure, zai wuce." Na rusuna na gode masa. Ni da bakina.

Shugabar sashenmu ta ce ko in kawo takarda mai sunan ciwo, ko in ajiye rigar kanti. To ina zan samo sunan? Umma ta aiko da saiwar jinsen, maganin ƙarin ƙarfi, haɗe da saƙon cewa ita da cikin wata tara take dashen shinkafa. Ke ma kin ce son jiki ne. Ban manta ba.

Ƙanwarki,
Dasom

2 ga Mayu

Yaya Boram,

Ina gaisuwa. Yaya tarin yaran?

Ƙafafuna sun hau har takalmi ya ƙi shiga, fitsarina sai kumfa. Na je wurin wata tsohuwa, Likita Pyo. Ta saurare ni har na gama, sai ta miƙo mini tawul mai ruwa ta ce, "Wanke fuskarki."

Na ji kamar ta ce in tuɓe. Kin san tarbiyyarmu: mace ta fita ba kwalliya rashin ladabi ne, balle gaban babban mutum. Ranar asibiti har ninka hoda nake yi, in ƙara jan kumatu, don kada a ce ban girmama likita ba. Na goge dai. Sai ga jan nan da ya ratsa kumatuna biyu ta kan hanci, wanda na ɗauka man shafawa ne ya ƙone ni.

"Tun yaushe?" in ji ta. Na ce shekara biyu da wani abu. Ta ajiye alƙalami.

An ɗebi jini da fitsari, an tsinko ɗan naman ƙoda da allura. Sunan ciwon lupus. Wai garkuwar jikina ce ta juyo tana cin jikin. Na yi kuka, Yaya, kuma rabinsa na daɗi ne. Ashe ba raggwanci ba ne.

Taki,
Dasom

20 ga Yuni

Yaya,

Na gaishe ki, na kuma ga wasiƙarki ta ban haƙuri. Ta iso, shi ke nan.

Takardar sunan ciwon ta fito bayan an ba wata gurbina a kanti. Ƙodojin kuma sun tafi, saura kaɗan. Daga wata mai zuwa wankin ƙoda ne, sau uku a mako. Likita Pyo ta ce da an gano shi bara waccan, da magani ya isa. Likita biyar, ba wanda ya ce in ba da fitsari. Haushinsu nake ji, ina jin na kaina, ina jin naku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Umma. Ta kira ni jiya, ta yi kukanta, sannan ta sassauta murya: "'Yar nan, a bar shi a cikin gida. Dangin saurayin autarmu Miru za su ce a jini yake. Wanda ya tambaya, ki ce gajiya ce."

Gajiya. Da ƙodojina biyu na sayi sunan nan, Yaya, ba zan mayar da shi ba. Ina son Miru, ba na fatan aurenta ya lalace. Amma ki faɗa wa Umma ta zaɓa kafin bikin girbi: ko in zo gida in amsa wa kowa gaskiya, ko kada a ajiye mini kwano.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Dasom